Wa Zai Hau Ya Sauko da Su?

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma Kakana, mahaifin Ummata, ya riga mu tafiya.

A gidan Kawu aka yi zaman makoki, a unguwar Erdington ta Birmingham. Kawu shi ne babban ɗan Kaka, yayan Umma. Maza suna falo, mata suna kicin, ni kuma ina tsakani, ina kai shayi ina kwaso kofuna. Tun safe ake ruwa, takalma sun taru a bakin ƙofa a jiƙe, wasu a kan wasu. Da na samu sarari sai in tsuguna in jera su bibbiyu. Ba wanda ya sa ni. A wurin dai ba mai tambayata komai, kuma ana jin duk abin da ake faɗa a falo.

Kusan kowa da labari iri ɗaya ya zo.

"Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi," in ji wani likita mai furfura a gemu. "Na sauka da 'yar shadda a tsakiyar hunturu, wanda ya ce zai tare ni bai zo ba. Ina tsaye ina rawar ɗari sai ga wani mutum ya kalli hulata ya ce, 'Malam, daga ina?' Rigar sanyinsa ya cire ya ba ni."

"Ni a tashar coach ya tsince ni," wani ya ce. "Scholarship bai shigo ba, landlord ya fitar mini da kaya. Na daɗe ina kwana a kujerar falonsa."

"To ya tsare ka da zancen 'yan sama jannati?"

"Kai! Har yau in na ji an ce roka sai in gyara zama."

Aka yi dariya. Sai aka tuna inda ake, dariyar ta koma Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. A nan ne wani ɗalibi da ya zo daga Manchester, wanda bai san komai ba, ya ce, "Amma na jima ban ji ana ganinsa a Juma'a ba. Jinya ya yi?"

Kawu ya zuba wa kafet ido. Abbana ya tashi ya je ya buɗe taga, alhali sanyi ake yi. Can wani dattijo ya ce, "Lif ne," sai wani ya ɗaga hannu aka soma addu'a.

Na ga mutane sun tafi da labarin mutumin da ke ɗauko kowa. Gaskiya ne, haka yake. Amma akwai sauran labarin, kuma ina tsoron kada a jera shi a gefe kamar takalma a manta.

Karatun injiniya ya kawo Kaka ƙasar nan tun Umma ba ta yi wayo ba. Ya yi aiki a wata masana'anta a Birmingham har aka rufe ta. Kakata ta rasu ina ƙarama sosai, ban riƙe fuskarta ba. Bayan rasuwarta ya koma wani flat a hawa na ƙarshe na wani dogon gini, ba nisa da gidan Kawu. An ba shi zaɓin na ƙasa ya ƙi. Ya ce duk wanda ya zauna a ƙasar da ba rana, to ya kamata a bar masa sama.

Mu a Manchester muke, a unguwar Moss Side. Umma tana aiki a wani asibiti a Oxford Road, Abba yana koyarwa a uni, wato jami'a. Duk hutun makaranta sai a kai ni wurin Kaka in yi kwanaki. Da na shiga zai ɗaga murya ya ce, "Hajiya Shiru ta iso, jama'a a rage surutu!" alhali shi kaɗai ne a gidan. In na gaishe shi sai ya kama kunne ya ce Hausata ta sha ruwan Manchester har ta jiƙe, a shanya ta. Shi ya shanya ta kuwa. Da bayan ambulan da biro ya koya mini rubuta ta.

Yana ajiye goro a firij, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Yana ɗora safarsa a kan hita kafin alwala don ya same ta da ɗumi. Yana da wani tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu, ɗaya ya tsage ya liƙe shi da baƙin tef, don haka da ido ɗaya yake kallo, ɗayan a runtse. In an idar da magariba, ranar da babu gajimare, sai ya ce in kashe fitila mu tsaya a taga. Wani haske zai fito daga yamma, ba ya ƙyaftawa kamar jirgi, yana tafiya a natse kamar wanda ya san hanya. Tashar sararin samaniya ke nan, da mutane a ciki. Kaka zai ɗaga mata hannu ya ce, "Sannunku da aiki. Allah ya sauke ku lafiya."

Tashin roka bai dame shi ba. In ana nunawa a talabijin ma sai ya tafi dafa shayi. "Ko wasan wutar da yara ke yi a Nuwamba yana tashi," yake cewa. "Saukowa ce aiki." Abin da ya fi riƙe masa zuciya shi ne waɗanda suka hau, dawowarsu ta gagara. Ya sha ba ni labarin wani da ya tashi a matsayin ɗan wata babbar ƙasa, yana can sama ƙasar ta wargaje, aka bar shi yana kewaya duniya, mutanen ƙasa suna ta shawarar yadda za a yi da shi. Duk lokacin da ya zo nan sai ya tsaya ya ɓare goro, ya ce, "Ki duba fa. Yana ganin gidansu ta taga. Kullum yana wucewa ta kansa."

A waɗancan shekarun ƙasa ɗaya ce kawai take da kumbon da ke kai mutane tashar ya dawo da su, sauran duk a motarta suke shiga, ga shi kuma ba shiri suke yi da ita ba. Wannan ya hana Kaka sakewa. Ya ce akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe, in ɗan sama jannati ya faɗo a gonarka ka cece shi ka mayar wa mutanensa. "Madalla. Wanda ya faɗo ke nan. Wanda ya kasa faɗowa fa? Mai mutum yana jin nauyin roƙo, mai kumbo yana jiran a roƙe shi. Kowa yana da hujja mai kyau, shi kuma bawan Allah iskarsa tana ƙarewa."

Shi a wurinsa maganar ba ta da wuya. Farali ne na kifaya, in ji shi, irin wanka da sallar gawa: in wani ya yi an sauke wa kowa, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki laifi. Ya taɓa tsare limamin masallacinsu da wannan tambayar har liman ya ce zai duba littattafai. Kaka ya ce har ya bar zuwa masallaci liman bai gama dubawa ba.

Sau ɗaya na ga ya yi fushi na gaske, kuma a kan wannan ne. Ranar Sallah ce a gidan Kawu, ana cin abinci, labarai suka nuna an samu matsala da wata roka, an ɗage dawowar waɗanda ke sama. Kaka ya ajiye cokali. Kawu, wanda akanta ne kuma a lokacin ana ta rage ma'aikata a wurinsu, ya ce, "Baba, don Allah. An rage ranakun library, an rufe youth centre, an cire bas ɗin da ke bi ta layinku, kai kuma kana tausayin mutanen da suka hau da ƙafarsu. Wa ya aike su?"

"Ai tambayar ke nan," in ji Kaka. "Wani ya aike su."

"Sun san risk ɗin. Sun sa hannu."

"Kai ma da na ɗauko ka daga Kano kana ɗan yaro, ka sa hannu? Da na bar ka a filin jirgi sai in ce ka san risk?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Wanda ka ɗora sama, kai za ka sauko da shi. In ba ka iya ba, ka buɗe baki ka roƙi wanda ya iya. Iyakar maganata ke nan."

Ya tashi ya ɗauki hularsa. Matar Kawu ta bi shi da kwanon nama har bakin ƙofa. Washegari Kawu ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri, Kaka ya ce ya wuce, har ya tsokane shi da cewa akanta ba ya ganin sama sai in an sa mata farashi. Amma na lura daga ranar, in Kawu yana nan, Kaka ba ya zuwa taga.

Lif ɗin ginin, na'urar da ke hawa da mutane tana sauko da su, dama yana yi yana tsayawa. A shekarar da ta wuce, lokacin da ganye ya fara zuba, ya tsaya bai ƙara tashi ba. Aka liƙa takarda a ƙofarsa cewa ana jiran wani ƙarfe. Masu kula da ginin suka ce a tambayi kamfanin gyara, kamfanin gyara ya ce ba a ba shi izini ba. Takardar ta jiƙe ta naɗe a gefe, wani ya zana mata fuska mai dariya, aka liƙa sabuwa.

Gwiwoyin Kaka sun riga sun gaji, ƙirjinsa ma haka. Ya gwada sauka ranar wata Juma'a, ya kai tsakiya ya zauna a matakala ya kasa gaba ya kasa baya, sai maƙwabciyarsa, wata tsohuwa 'yar Jamaika, ta same shi ta kira jikanta suka mayar da shi. Daga nan bai sake taka ƙasa ba. GP, likitan unguwa, ta waya yake ganinsa. Mai zuwa taimaka masa da safe aka rage mata lokaci, tana shigowa tana haki, kafin numfashinta ya dawo lokacin tafiya ya yi.

Kada a ce an yar da shi. Kawu yana hawa duk Asabar da ledoji a hannu biyu, ya iso gumi ya jiƙa masa riga. Ya rubuta wa masu ginin, ya kira, ya je ofishinsu. Ya ce zai mayar da garejin gidansa ɗaki, Baba ya dawo wurinsa, ana jiran council, hukumar gari, ta amince, ana jiran magini. Umma kuwa tun farko ta ce a kawo shi Moss Side, ga falonmu a ƙasa, a sa gado kawai.

Ina zaune a matakalar gidanmu na ji su a waya, ta sa shi a sifika tana ninke kaya.

"Yaya, na ɗan lokaci ne. Kafin a gama naka."

"Ina raye Baba ya koma gidan suruki? Me za a ce a gida?"

"Wa zai ce? Mutanen gida sun san hawa nawa ne?"

"Ki ba ni lokaci kaɗan. Magini ya ce ƙarshen wata."

"Haka ka ce wancan watan."

"To ke kin tambayi Baban ma? Kin ji ya ce yana so?"

Umma kuwa ba ta tambaya ba. Ba ta iya tambaya ba tare da ta tsallake yayanta ba. Abba kuma ba shi da bakin magana. Tun da aka yi aurensu bai taɓa cin abinci a gaban Kaka ba, bai taɓa zama a kujera Kaka yana ɗakin ba, bai taɓa kallon idonsa ba. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai cike da zaure, in ya shiga flat ɗin Kaka sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa kamar mai jiran a sallame shi. Kaka shi ma kunyarsa yake ji. In zai ambace shi sai ya ce "mutanen Manchester".

Haka hunturu ya shiga. Kowa yana son Kaka, kowa yana girmama kowa, shi kuma yana sama.

A hutun tsakiyar zango Abba ya kai ni. A mota, mun kusa Birmingham, na ce, "Abba, Kaka ya daina tambayar yaushe za a gyara lif." Iyakar abin da na ce ke nan. Da muka isa Abba bai sauke ni a ƙofar gini ya juya kamar yadda ya saba ba. Ya kashe mota ya ɗauki jakata muka hau tare.

Ya zauna a wurinsa na kullum, bakin ƙofa, ya gaishe da Kaka kansa a ƙasa. Kaka yana kujerarsa ta taga, bargo a gwiwa. Ni ina tsakiya. Sai Abba ya kalli takalmina ya ce, "Ki ce wa Baba, akwai yara a uni, majiya ƙarfi. In ya yarda, ranar Asabar mu zo da kujera mu sauko da shi a hankali. Falo yana nan, ba mai amfani da shi."

Tsakaninsu bai kai tsawon tabarmar sallah biyu ba. Na juya na maimaita.

Kaka ya daɗe yana murza gefen bargo. Sannan ya ce, "Hajiya Shiru, ki ce wa mutanen Manchester na gode, Allah ya yi albarka. Ki ce kumbonsu mai kyau ne. Sai dai ba tutar ƙasata ce a jikinsa ba."

Abba ya yi murmushi bai ɗago ba. "Ki ce masa ba sai an liƙa tuta ba."

"Ki tambaye shi, babban yaya ya san da wannan tafiyar?"

Abba bai ce in ce komai ba.

"To," in ji Kaka. "Ɗana ya ce ƙarshen wata. In na bi wani na sauka, na gaya wa duniya ɗana ya kasa. Yaron nan duk Asabar yana hawowa da kaya kamar jaki. Ba zan yi masa haka ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kaka, kai ka ce farali ne."

Ya kalle ni da idon nan nasa ɗaya a runtse, kamar yana duba ni ta madubinsa, sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Ashe ana ji. Farali ne, Hajiya. Amma a kan na ƙasa. Na sama nasa jira ne."

Abba ya koma Manchester shi kaɗai. Bai gaya wa Kawu ya zo da wannan magana ba, Kaka ma bai gaya masa ba. Da magariba ta yi aka samu sama a buɗe. Kaka bai iya tsayawa ba, sai na tura kujerarsa jikin taga. Hasken ya fito ya wuce. Ya ɗaga hannu kaɗan daga kan bargo, bai ce komai ba. Ni na ce musu sannu da aiki.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya zo. An zuba siminti a garejin Kawu, an sa taga, saura ƙofa da hita.

Maƙwabciyarsa ce ta same shi da safe, a kujerar, carbi a hannu, safarsa tana kan hita. Kafin mu iso daga Manchester likita ya zo ya tafi, masu ɗaukar gawa na masallaci suna tsaye a ƙofar flat suna kallon matakala suna shawara. Ba su ankara ba sai ga mutane. Likitan nan mai furfura ya baro asibiti ya zo. Wanda ya kwana a falonsa ya zo. Ɗalibai sun zo, wasu ma labarinsa kawai suka taɓa ji. Matakalar da Kaka ya yi wata da watanni yana sauraron ko zai ji taku a kanta, ranar ta cika har ana matsa wa juna.

Aka rufe shi aka ɗaure a makara, aka fara sauka. Mu mata muna biye a baya. Maƙwabciyar tana gaba da sandarta, duk hawa sai ta tokare ƙofa da bayanta har a wuce. Wurin juyawa matsattse ne, sai an ɗaga makarar sama da kai an karkata. A kowane hawa maza suna karɓar juna, wannan ya saki wancan ya kama, kamar yadda ake yi. Kawu ne kaɗai bai saki ba. Yana riƙe da gaba ta dama, inda nauyin ya fi sauka. An ce, "Alhaji, kawo," ya girgiza kai. An sake cewa, bai ko juya ba. Ina ganin bayan wuyansa, jijiyoyin sun tashi, hularsa ta goce ba hannun gyarawa.

Saura kaɗan a kai ƙasa gwiwarsa ta lanƙwashe, makarar ta yi gaba, mutane suka yi salati. Abba, wanda tun daga sama yake biye da shi bai taɓa komai ba, ya matso ya sa kafaɗarsa kusa da tasa. A hankali ya ce, "Yaya, kawo in karɓe ka."

Kawu ya tsaya. Duk matakalar ta tsaya. Ya kalli Abba, ya kalli farin mayafin, sannan ya zare kafaɗarsa. Ya zauna a wurin ya rufe fuska da hularsa, mutane suna raɓa shi suna wucewa. Abba ne ya fita da Kaka ƙofar gini, ta gaban lif ɗin da takardarsa, zuwa cikin ruwan sama.

Umma ta zauna kusa da yayanta a matakala. Ta ɗauke masa hular daga fuska, ta kaɗe, ta mayar masa a ka.

Ranar da aka tashi daga makoki Kawu ya miƙo mini madubin, da baƙin tef ɗinsa. A Moss Side gidaje sun tare sama, sai na fita bayan gida wurin kwandunan shara nake samun 'yar tazara tsakanin rufi biyu. Hasken yana wucewa ta nan, ba ya daɗewa. Ban san ko su waye a ciki yanzu ba, ban san wa ke da kumbon da zai je musu ba. Ina dai ɗaga hannu.

Allah ya sauke su lafiya. Kaka kuma, Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi, ya sa waɗanda suka tare shi a can sun zo a kan lokaci.